Kada Ku Yar Da Majanyin Kakarku

'Ya'yana da jikokina, mata da maza, musamman waɗanda Allah Ya ba ƙaruwa kwanan nan da waɗanda ke jiran tasu, Allah Ya raya abin da aka samu, Ya sauki masu ciki lafiya.

Ina so mu ɗan zauna mu yi hira a kan kayan raino. A yau da zarar ciki ya shiga wata bakwai sai a rubuto doguwar takarda ta kayan haihuwa: gadon jariri mai gidan sauro, bahon roba da 'ya'yansa, keken turawa, jakar zuwa asibiti, famfas katan-katan, fida iri-iri da mayuka masu ƙamshi. Babu laifi a cikin wannan, wanda Allah Ya hore wa ya saya. Amma mu da muka ga jiya muka ga yau, in muka dubi kayan nan sai zuciya ta koma kan waɗanda aka raine mu da su, muka kuma raini iyayenku da su. Ba su da yawa, ba su da tsada, mafi yawansu a gida ake yin su ko a cikin unguwa. Na yanzu sun fi su kyan gani da sauƙin aiki, amma ba mu daina kewarsu ba. Dalili kuwa shi ne, babu ɗaya daga cikinsu da ke aiki sai da hannun mutum, sau da yawa ma sai hannu ya fi ɗaya. Rabin kewarmu ta kayan ce, rabi kuma ta mutanen da suka riƙe su. Wannan nake so ku fahimta, don ku san abin da za ku adana da abin da za ku bari.

Mu fara da zanen goyo da majanyi. Uwa takan sunkuya ta ɗora yaro a gadon bayanta, ta ware ƙafafunsa a kugu, ta jawo zane ta ɗaure a ƙirji, sannan ta kawo majanyi ta tallafe mazaunansa ta ƙulle ta gaba. Daga nan hannunta biyu a sake: ta yi shara, ta yi tankaɗe, ta ɗebo ruwa, ta leƙa maƙwabta barka ko jaje, yaro na baya yana sharar barci. Ba a goya ɗanyen jariri sai cibiya ta faɗi ta warke, kuma tsohuwa ce ke fara nuna wa mai haihuwar fari yadda ake tallafe wuya, da yadda ake juya masa fuska gefe don ya sha iska. Ba a taɓa koyon goyo a takarda ba. Sai wata ta tsaya a bayanki, ta gyara miki zane, ta ce: "Ɗan ƙara sunkuyawa, 'yar nan, ja majanyin sama kaɗan."

Majanyi na asali saƙar hannu ne. Mata ke kaɗa zaren abduga da mazari, a kai wa masaƙa su saƙa ƙwarya-ƙwarya, a haɗe a ɗinke. In ana son baƙi sai a kai marina, irin ta Ƙofar Mata a Kano, a tsoma a baba. Daga baya atamfa ta yawaita, musamman da aka buɗe masaƙun Kakuri a Kaduna, KTL a 1957 da UNTL a 1964. Atamfar da uwa ta ɗaura ta ɗaura har wanki ya tausasa ta, ita ce ke komawa zanen goyo, domin sabon zane yana da kaushi a fatar jariri. Zane guda yakan goyi yaya, ya goyi ƙane, ya goyi auta, a ninke a sa a ƙasan adaka, wata rana a fito da shi a goyi jika. Shi ya sa tsohuwa kan ga wani koɗaɗɗen zane ta yi shiru, idonta ya kawo ruwa. Ta san bayan da ya rufa, ta san waɗanda suka yi barci a cikinsa, wasu sun zama dattawa, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya.

'Yata, kada ki ɗauki goyo a matsayin aikin wadda ba ta da kuɗin keken turawa. Yaron da ke baya yana samun ɗumin uwarsa da ƙamshin jikinta, yana jin muryarta da motsin tafiyarta. Ita kuma tana jin numfashinsa. In zazzaɓi ya taso, bayanta ne zai fara gaya mata tun kafin yaron ya yi kuka. Likitoci ma sun gano darajar haɗa jiki da jiki. A 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolambiya, wani likita mai suna Edgar Rey ya ga bakwaini sun yi yawa, kwalaben ɗumama su sun yi kaɗan, sai ya sa iyaye mata su riƙa ɗaura jariran a ƙirji, fata da fata, a lulluɓe su da zane. Yau wannan hanya ta karaɗe duniya, har asibitocinmu na koyar da ita ga iyayen bakwaini. Nasu a ƙirji ne, namu a baya, amma tushen ɗaya ne: babu ɗumin da ya kai na jikin uwa.

Kuma goyon nan ba na uwa kaɗai ba ne. A gidan da muka tashi, yaro yakan zagaya baya huɗu ko biyar kafin rana ta faɗi. Kaka ta goya, gwaggo ta goya, inna ta goya, abokiyar zama ta goya, maƙwabciya ta shigo ta ga uwa na fama da tuƙin tuwo ta ce: "Kawo shi in goya miki." 'Yan mata ƙanana sukan yi ta roƙon a ba su ƙanensu, a ɗaura musu shi, babba na biye da ido. Yaron da aka raina haka yakan tashi ya san mutane da yawa a matsayin nasa, ba ya ƙyuya mai tsanani, kuma duk wadda ta goye shi tana da bakin tsawata masa in ya girma. Daga nan aka samo maganar nan cewa ɗa na kowa ne. Ba a baki kawai aka faɗe ta ba, a baya aka ɗauke ta.

Sai kayan wanka. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a can, ta yi arba'in a gaban uwarta. Maigida ya aiko da itacen wanka da kayan ƙauri da kayan yaji. Da asuba za ka ji ana hura wuta ƙarƙashin babbar tukunya, ga ganyen runhu ko na darbejiya an tanada. Jariri kuwa wankansa na ungozoma ne ko na kaka. Takan zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta miƙe ƙafafu a kan babbar ƙwarya ko kwanon wanka, ta kwantar da shi a cinya. Ta taɓa ruwan da bayan hannu ta ji ɗuminsa, ta ɗauko sabulun salo da lallausan soso, ta bi wuya da hammata da matsematsi, duk inda datti ke ɓuya. In ta gama ta tsane shi, ta narka man kaɗe ko man shanu a tafin hannu, ta murza masa gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya tana yi masa magana kamar yana amsawa. Yana gama shan nono sai barci. Mai jego na gefe tana kallo, kuma wannan kallon shi ne makarantarta. Kafin arba'in ta cika ta iya wanka, ta iya bambance kukan yunwa da na ciwon ciki da na barci. Ta kuma huta, domin ba a barin ta ta yi daka ko ta ɗauki tulu. Wannan hutu da wannan koyarwa su ne babban abin da wankan gida ke bayarwa, kuma ba a sayar da su a kanti.

Kafin nafkin, tsumma ake amfani da shi. Tsofaffin zannuwa ake yayyagawa, a wanke tas, a shanya a rana, a ninke a ajiye a cikin kwando. Uwa kuma tana karantar ɗanta: da ta ga ya yi wani irin shiru ko ya fara nishi, sai ta zauna ta ɗora shi a kan ƙafafunta ya yi abin da zai yi. Da haka yara da yawa kan saba da fo tun kafin su iya tafiya sosai. Daga baya nafkin ya shigo, farin tawul mai kusurwa huɗu da ake ninkewa a soke da babban fil, a ɗora wandon roba a kai. Duk wadda ta yi raino a wancan zamani ta san yadda ake sa yatsu biyu tsakanin nafkin da cikin yaro kafin a soka fil, don in tsinin zai sami wani, ya sami uwa. Ta san jiƙo a bokiti, da tafasawa, da sa bula, da igiyar shanya da ke cika da fararen nafkin a tsakar gida har mai wucewa ya san akwai jariri a gidan. Pampers tun 1961 ya fito a Amurka, amma ya daɗe kafin ya zama na kowa a wajenmu. Ya rage wahala ƙwarai, ba na musu. Sai dai don ba ya nuna jiƙa da wuri, wasu kan bar yaro a cikinsa rabin yini har fata ta saɓule, musamman da yake kuɗinsa ya yi nauyi. Ki riƙa dubawa, ki riƙa canzawa, ki bar jikin yaro ya sha iska. In aljihu ya yi rauni, nafkin da rana a gida ba abin kunya ba ne.

Akwai kuma ƙananan kayan da ke cika akwatin mai jego: hula da safa da 'yar rigar sanyi da mai ciki ke saƙawa da kwarashi da zaren ulu tana jiran watanta, da shawul na ranar suna, da gwangwanin hoda, da fitilar ƙwai da ake rage wa lagwani a bar ta har asuba don a ga fuskar jariri in ya motsa. A cikinsu akwai wanda nake girmamawa ƙwarai, wato katin awo. Wani likita Bature mai suna David Morley ne ya tsara irinsa lokacin da yake aiki a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile a ƙasar Yarabawa, daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960, daga nan ya bazu ƙasashe. Ana auna yaro a ɗiga alama, uwa ta ga ko layin yana hawa ko ya tsaya, a kuma rubuta alluran da aka yi masa. Hikimarsa ita ce a hannun uwa yake zama, ba a ɗakin ajiyar asibiti ba. Iyaye mata sukan sa shi a leda su ɓoye tare da takardun gida. In naka yana nan, ɗana, nemo shi ka duba. Kowane ɗigo a jikinsa rana ce da mahaifiyarka ta goya ka ta tafi, wataƙila a ƙasa, ta bi layi a rana saboda kai.

Kayan wasanmu ma hannu ne ya yi su. Jariri na da kacau-kacau, ɗan ƙaramin duma ko saƙar kaba da aka zuba wa tsakuwa aka rufe. In ya fara koyon zama a sa shi a kwano a kewaye shi da tsummoki. In ya fara tsayuwa, kafinta ya ƙera masa keken katako mai ƙafa uku, ya riƙe ya tura, yayyensa na gaba suna tafa masa hannu suna kiran sunansa. Keken nan yakan zagaya gidaje, duk gidan da yaro ya isa tafiya a aika a aro. 'Yan mata na da 'yar tsana ta kara ko ta ƙashi, su yi mata kitso da zare, su ɗinka mata zane da ƙyallen tela, su goya ta da ɗankwali, har su yi mata biki. Maza na fafe kara su haɗa mota, ko su yanka gwangwani su yi mata taya da tsohon silifa, ko su kama garen taya su zagaye unguwa. Da dare in akwai farin wata a fita gaɗa da langa da ɓuya, in an gaji a dawo gindin kaka a sha tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Yaron da ya ƙera motarsa da kansa ya koyi haƙuri da dabara, in ta lalace ya san yadda zai gyara. Ya kuma koyi aro da bayarwa, domin wasan ba ya daɗi sai da abokai.

In lokacin yaye ya yi, wajen shekara biyu, a kai yaro gidan kaka. Ita za ta sha kukan daren farko, ta dama masa kunu, ta ba shi da ɗan ludayinsa, ta goya shi tana zagaya tsakar gida har ya haƙura. In namiji ne ta kira shi mijinta, in mace ce kishiyarta, a yi ta wasan jika da kaka. Mutane da yawa in ka tambaye su abu na farko da suke iya tunawa a rayuwa, ɗakin kakar nan za su ambata: ƙamshin turaren wuta, jeren kwalla da samira, da ɗan ƙullin ƙuli-ƙuli ko alewa da take ɓoye musu.

To, 'ya'yana, kada daɗin tuna baya ya sa in rufe muku wani ɓangare na gaskiya. A zamanin nan da muke kewa, yara sun mutu da yawa. Ƙyanda takan shigo unguwa ta ɗebi yara a mako guda. Tarin shiƙa da gudawa da sandarewar jarirai sun raba iyaye da 'ya'ya ba adadi. Sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Ajefas shaida ne: suna ne da ake sa wa ɗan mai wabi, wadda ta binne 'ya'ya har ta ji tsoron sa rai. Iyayenmu sun yi iyakar ƙoƙarinsu da sanin da suke da shi, Allah Ya saka musu da alheri. Amma al'ada kamar hatsi take, sai an sheƙe a fitar da ƙaiƙayi kafin a kai turmi. Ga abubuwan da nake roƙon ku bari.

Ku bar cibiya ta bushe da tsabta. Kada a yanke ta da tsohuwar reza ko wuƙar gida, kada a gasa ta da tsingaro ko tsumma mai zafi, kada a sa mata toka ko man goge baki. Ta nan ƙwayar cutar da ke sandarar da jariri take shiga. Yanzu akwai maganin shafawa na chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti, ga kuma allurar da ake yi wa mai ciki wajen awo don kare ta da abin da ke cikinta. Wanzami mutum ne mai daraja a cikinmu, askin suna kuma yana nan, amma da sabuwar reza. Cire beli kuwa a bar shi, domin yana jawo zubar jini da shigar cuta, kuma belin nan halitta ce da Allah Ya yi wa kowa.

Kada a matse dakashi a zubar, kada a hana jariri nono kwana biyu ko uku da sunan ana jiran ya gyaru. Ruwan nan mai kauri mai ɗorawa-ɗorawa shi ne kariyar farko da jariri ke samu daga cututtuka. A sa shi a nono cikin sa'ar farko bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo, sannan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2 ko fiye. Shekara biyun nan mun riga mun san ta, tana cikin Suratul Baƙara, aya ta 233. Madarar gwangwani da fida sun shigo mana da sunan wayewa, suka jawo gudawa a gidajen da ba su da ruwa mai tsabta, har a 1981 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar taƙaita tallar irin wannan madara. In lalura ta sa dole a ba da ita, a bi shawarar likita, a tafasa ruwa da kayan shan. Ɗura ma a bar ta. Toshe wa yaro hanci a kwarara masa kunu yana iya kai kunun cikin huhu.

Kwalli yana ƙawata idon jariri, tandunsa ma abin sha'awa ne, amma an auna irin na dutse an sami gubar dalma a ciki, ita kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Wanda ya tuna abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda kimanin yara 400 suka rasu sanadiyyar ƙurar dutsen zinariya, ba zai yi wasa da ita ba ko kaɗan ce. Ki ajiye tandun don tarihi, ki bar idon jariri yadda Allah Ya yi shi. Haka nan mai jego: wanka da ruwa mai ɗumi yana da daɗi yana warware jiki, amma tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon wuta da yawan kunun kanwa suna da haɗari. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a yankin, suka danganta shi da gishirin kanwa da tsananin zafin nan. In mai jego ta fara kumburin ƙafa ko haki, asibiti za a nufa, ba ƙarin ruwan zafi ba. Kuma kada ku ɗauka duk abin da ya fito daga kanti lafiyayye ne. A 2008 wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, da ya gurɓata da guba, ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya. Kada a ba jariri magani don an ga maƙwabciya ta ba nata.

Abin da zamaninku ya zo da shi na alheri kuwa, ku riƙe shi da kyau. Mu da ke da tambarin lamba a dantse mun ga ƙarshen agana, wadda aka bayyana kawar da ita daga duniya a 1980. Ku kuma kun ga ranar 25 ga Agusta 2020, da aka tabbatar an raba Afirka da ƙwayar shan inna ta asali. Allurar rigakafi da gidan sauro da ruwan gishiri da sukari sun ceci yaran da a da sai dai a yi ta'aziyya. Ku kai yara rigakafi a kan lokaci, ku cike katin.

Yanzu ga roƙona. Na farko, kowane gida ya samu ɗan akwati na ajiyar tarihi. A sa zanen goyo ɗaya, da majanyi, da rigar suna, da hular ulu, da katin awo, da hoton da aka ɗauka ranar suna. A rubuta a takarda: wannan na wane ne, wance ce ta saƙa, a gari kaza. In tsohuwa ta rasu ana rabon kaya, kada ku dubi koɗaɗɗen zane ku ce tsumma ne. Ku tambayi manyan da ke wurin, mai yiwuwa a cikinsa aka goyi mahaifinku.

Na biyu, ku tambayi tsofaffinku tun suna da rai da hankali. Wa ya karɓi haihuwata? A wane ɗaki? Wa ya yaye ni? Da wace waƙa ake rarrashina? Wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya, ku ɗauka ku ajiye. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau tana rubuta labarinta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Har yau masu neman sanin yadda matan Hausa suka yi aure da haihuwa da raino a wancan zamani suna komawa gare shi. Kowace kaka a gidajenmu tana da irin wannan labari a ƙirjinta, kuma jikokinta ne suka fi cancanta su karɓa.

Na uku, ku sassauta wa juna. Ke 'yata, in uwarki ko uwar mijinki ta kawo shawarar da likita ya hana, kada ki ce mata zamaninsu ya wuce. Ki ce: "Inna, an ce mana a asibiti kaza yana cutarwa, ki zo mu je awo tare ki ji da kunnenki." Sannan ki miƙa mata jaririn ta yi masa wanka, ta shafa masa mai, ta goya. In kin hana ta abu ɗaya, ki ba ta uku. Ku kuma 'yan'uwana tsofaffi, mu karɓi gyara daga 'ya'yanmu da farin ciki. Lafiyar jikan nan ita ce burinmu gaba ɗaya.

Na huɗu, gare ka ɗana maigida. Yau da yawa kuna zaune a gidan haya a birni, daga kai sai matarka, babu gwaggo babu inna a kusa. Hannuwan da a da suke karɓar yaro sun yi nisa, don haka naka ya zama dole. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka ɗauki ɗanka ka yi masa tawai, ka sa shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ka karɓe shi da dare uwarsa ta runtsa. In da hali ka ɗauko mata wata babba ta zauna da ita kwanakin jego, ko ka bar ta ta je gida. Ku kuma yi zumunci da maƙwabta, domin ranar da zazzaɓi zai taso da tsakar dare, su ne za su fara zuwa.

Na ƙarshe, kada waya ta zama mai rainon 'ya'yanku. In yaro ya yi kuka, a ɗauke shi, a goya shi, a yi masa magana da harshensa, a yi masa waƙa ko da muryar ba ta da zaƙi. In ya tasa a zauna da shi a fafe kara a yi mota, a ba shi tatsuniya kafin barci. Abin da yaro zai tuna bayan shekara hamsin ba kuɗin gadonsa ba ne, sai dai wanda ya riƙe shi da yadda aka riƙe shi.

Ku sayi na zamani gwargwadon ƙarfinku, ku bi maganar likita a kan lafiya, ku adana kayan kakanninku, ku kuma riƙa kai musu jikoki suna gani tun suna raye. Waɗanda suka goye mu suka riga mu, Allah Ya jiƙansu Ya sa Aljanna ce makomarsu. Ku kuma Allah Ya ba ku haƙurin raino, Ya shirya muku zuri'a, Ya sa su ji ƙanku kamar yadda kuka ji ƙansu. Amin.